Kaskar da Ta Kai Ni Riyad

Tun da na dawo bakina bai huta ba. A Islamiyya a tare ni, a gidan suna a tare ni, har mai kayan miyan bakin layinmu sai da ya dakata da auna min tattasai yana tambaya, "Hajiya Hadiza, yaya Riyad? Yaya jikin Nasiru? Wai da gaske lemon tsami ne ya kama shi?" To ga shi zan faɗa sau ɗaya tun daga tushe. Duk wanda ya sake tambayata, in miƙa masa ya karanta da kansa, ni kuma in huta.

Nasiru ƙanena ne, autan Innarmu, a bayana ya girma. Direba ne a gidan wani Balarabe a Riyad, ya kwana biyu a can. Idan zafin garinsu ya tsananta, masu gidan nasa sukan gudu ƙasashen sanyi, to bara sai suka tafi da shi Bosniya don ya riƙa tuƙa su. Ya turo mana hotonsa kwance cikin ciyawa kore shar yana washe baki, Inna ta duba ta ce, "Ji shi, kamar ɗan maraƙin da aka sako da damina." A cikin ciyawar nan ce kaska ta kama shi a bayan gwiwa, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar riɗi. Ya cizge ta ya yar. Wane Bahaushe ne zai je asibiti don kaska? An ce wurin cizon yakan yi jan zobe, amma a fata irin tamu wa ya lura?

Da suka koma Riyad sai zazzaɓi, sai ciwon gaɓoɓi, gwiwa ta kumbura, daga baya gefen fuskarsa ya saki. Duk inda ya je, da an ji daga Najeriya yake sai a fara neman zazzaɓin cizon sauro. An daɗe ana lalube kafin wata likita ta tambaye shi ko ya yi tafiya, aka auna jini aka gano wata cuta da kaskar can ke sawa, sunanta Laim. Aka ba shi magani, fuska ta miƙe, kumburi ya sauka. Amma wata da watanni yaro ya kasa komawa aiki, ya kuma daina kiranmu ta bidiyo. Kafin sunan cutar ya iso Tudun Wadan Zariya, wani ɗan bokon dangi ya fassara shi, ya zama lemon tsami, da yake laim ake ce wa lemon tsami da Turanci. Wasu suka ce sammu, wasu suka ce ya taka sawun aljanu a dajin Turawa. Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Hadiza, ke ce babba. Ki je ki ɗauko min shi." Aka nema min bizar Umra, da yake yanzu da ita ana iya shiga sauran garuruwan ƙasar.

Wahalata ta fara tun daga tsakar gida. Da aka ji zan tafi, kowa ya tuna yana da ɗan uwa a Saudiyya. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, kilishi, ga ƙullin garin magani da Inna ta karɓo wa Nasiru, ta ce a dama masa a kunu safe da yamma. A filin jirgin Kano kaya suka yi nauyi, aka sa ni buɗe jaka a gaban jama'a. Ni da na yi shekaru ina shugabar makarantar firamare, yara na gudu in sun ji takuna, ga ni durƙushe ina ware zanin da zan bari da ƙullin daddawar da zan ɗauka, wani saurayi a bayana yana cewa, "Mama, a taimaka, jirgi zai tashi."

A Jidda kuma wani ma'aikaci ya zaro ƙullin Inna, ya kwance, ya kai hanci. Atishawar da ya yi sai da na ji tausayinsa. Ya tambaye ni da Larabci, na gane yana nufin mene ne wannan, na ce masa magani. Ya ce ina sunansa, ina takardarsa? Ni kaina ban san abin da ke ciki ba. Suka riƙe garin, suka riƙe kilishi. Daddawa kuwa yana buɗe ledar ya yi maza ya ƙulle, ya tura min abata da bayan hannu. Wannan ita ce nasarata ta farko a ƙasar.

Umrata tsakanina da Ubangijina ce, ba zan zuba ta a nan ba. Na dai roƙa wa Nasiru lafiya har muryata ta dishe. Daga Makka na hau babbar mota zuwa Riyad, don na ce ina so in ga ƙasa. Babu abin gani. Rairayi, dutse, raƙumi, sai kuma rairayi. A waje rana kamar ta narka kwalta, a ciki sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye kifi. Na lulluɓa da darduma ina karkarwa. Kusa da ni wata Bahaushiya ce mazauniyar Makka, na yi kuskuren gaya mata abin da ke tafe da ni. Ta tafa hannu ta ce, "Kaska? Haba baiwar Allah, kaskar da ke jikin kowane kare? Kambun baka ne. An ga ya hau jirgi ya je Turai." Daga nan ba ta sake yin shiru ba, ta lissafo min duk wanda ta sani da baki ya kama tun daga kakanninta.

Da aka tsaya cin abinci suka kawo abin da suke kira kabsa, wato shinkafa tuli a faranti da rabin kaza a kai, ba miya, ba yaji, a zauna a ƙasa a ci da hannu. Na zaro yajin da aka ba ni saƙo na barbaɗa, Allah ya yafe min, mai shi ma ya yafe. Ina banɗaki na ji direba yana ta danna oda yana ihun "Yalla! Yalla!" Na fito da gudu takalmi ɗaya a hannu. A garinmu ai sai a ƙirga fasinja, a ce ina Hajiyar nan mai darduma. Nan kuwa saura ƙiris a bar ni da raƙuma.

Masaukina gidan Saratu ne a unguwar Badi'a. Tsohuwar ɗalibata ce, tana auren Malam Isiyaku mai aiki a wani shagon kayan gini. Mace da 'ya'yanta, amma har yanzu in na yi gyaran murya sai ta miƙe tsaye. 'Ya'yan nata kuwa na ce musu "Ina kwananku?" suka amsa min da Larabci suka ruga. Unguwar tsit, kowane gida katanga har sama, ƙofa a kulle. Ba mai leƙowa aron turmi, ba mai sallama ya ce ya ji an yi baƙuwa. Na tambayi Saratu sunan maƙwabciyarta, ta ce ba ta sani ba, sukan dai haɗu a bakin mota. Da rana gari kamar an yi shara, sai bayan la'asar mutane ke fitowa kamar gara. Kuma ba inda za ka da ƙafa, ba ɗan acaɓa, ba mai Keke, komai sai mota.

Washegari Malam Isiyaku ya kai ni Batha, inda Nasiru yake. Tunda ya kasa aiki an ɗauki wani direban na wucin gadi an ba shi ɗakinsa, shi kuma abokansa suka ɗauke shi. Batha ita ce ta yi min kama da gari: cunkoso, shaguna, masu aika kuɗi gida, ƙanshin soye-soye, kowane irin yare, har na ji wani yana zagin wani da Hausa na ji sanyi a raina. Ɗakin yana can saman wani tsohon bene marar na'urar hawa. Wani ɗan Maraɗi mai suna Ɗan'azumi, lebura ne a wurin gini, shi ya tarbe mu, ya kori sauran mazan waje, ya ce, "Yaya, marhaba, ki shigo, ga mutumin naki."

Duk hanya ina shirya zuciyata in ga ƙashi da fata. Sai ga Nasiru zaune a katifa, kumatu sun cika, har da ɗan tumbi. Na tsaya a bakin ƙofa ina haki saboda hawan bene. Na ce, "Kai Nasiru! Wannan ne ciwon? Ka tayar wa Inna da hankali, ta daina barci, ni na ƙetaro teku, ashe kana nan kana ƙiba?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Kin ga abin da ya sa na daina kiran bidiyo. Duk wanda ya gan ni sai ya ce na warke."

Na zauna. Ɗan'azumi ya kawo shayi. Na ga Nasiru ya kama kofi da hannu biyu kamar tsoho. Ya fara tambayata mutanen gida, ya zo kan sunan ƙanwata Asabe, wadda suka tashi tare, sai ya tsaya. Ya runtse ido, yana ta murza goshi. Ya ce, "Wannan... mai bi miki... Yaya, sunan ya gudu." Kafin shayina ya huce kansa ya langaɓe jikin bango, barci ya ɗauke shi ina tsakiyar magana. A kan taga na ga kwalabe jere: zuma, man habbatus sauda, nonon raƙumi, da wasu da ban sani ba. Ɗan'azumi ya ɗaga masa riga ya nuna min bayansa, duk tabon ƙaho. Ya ce cikin alfahari, "Ba mu zauna ba, Yaya. Duk abin da aka ce, mun yi."

Na ce, "Na gani."

A ranar na ce a haɗa kayansa. Malam Isiyaku, Allah ya saka masa, ya ba shi falon baƙinsa da ke ƙasa. Saukowa daga benen nan sai da muka yi ta kamar masu sauke amarya, a taka a tsaya, a taka a zauna. Ɗan'azumi na biye da mu rungume da kwalabensa.

Ni fa malamar makaranta ce, na san maganin lalaci. Na yanke cewa kwanciyar ce ta zame masa ciwo. Na tuƙa tuwo da miyar kuka na tsare shi sai ya cinye. Bayan asuba na hana shi komawa. In ya ce ya gaji, in ce, "Gajiyar me? Me ka noma?" Da na ga ya ɗan washe, wata yamma na sa aka kai mu Murabba, wurin lambun da ke kusa da gidan tarihi. Larabawa sun baza darduma a ciyawa, iyali iyali, da butocin gahawa, yara na guje-guje. Nasiru yana ganin ciyawa ya ja baya, ya ce shi a kan siminti zai tsaya. Na sa shi gaba muka zaga wurin nan kaf, muka sake zagawa. Yana tafe yana ba ni labarin gidan sarautar da ke wurin, har da dariya. Ina komawa gida na kira Inna na ce, "Ki kwantar da hankalinki, na tayar da shi. Dama rashin mai tsawatawa ne."

Da gari ya waye Nasiru ya kasa ɗaga kai daga matashi. Gwiwa ta yi zafi, hasken taga ma ba ya so, ko alwala sai da Malam Isiyaku ya riƙe shi. Haka ya kwanta kwana da kwanaki. Na tsaya a kansa na ce, "To me ya sa ba ka ce ka gaji ba?"

Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Na faɗa, Yaya. Kin ce me na noma." Sannan ya ce, "Wallahi ba ciwon ne ya fi ci min rai ba. A riƙa kallona kamar mai ƙarya. Ni da nake kwana a kan sitiyari ban taɓa cewa wayyo ba."

Na fita na shiga banɗakin Saratu na kunna famfo don kada yara su ji ni.

Da ranar ganin likitarsa ta zo na ce da ni za a je. 'Yar Sudan ce, dattijuwa, gilashi a kan hanci, tana jin Turanci, don haka ban bukaci tafinta ba. Ban bari ta gama gaisuwa ba na ce, "Likita, a garinmu in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, allura ake yi mai ƙarfi, a ƙara wa mutum ruwa. A yi masa." Ta dube ni ta saman gilashi, irin kallon da ni nake yi wa iyayen yara. Ta duba gwiwarsa, ta duba sakamakon jininsa, ta tambaye shi abin da ya yi kafin ya sake kwantawa. Ya sunkuyar da kai, don ba ya so ya tona ni. Na ce, "Ni ce. Na zagaya da shi Murabba."

Ta ce ƙwayar cutar an riga an ba ta maganin da ya kamata, kuma a yadda ta gani ƙara masa wani ba zai amfane shi ba, sai dai ya ɓata masa ciki. Ta ce ɓarawo ya fita, amma gidan da ya birkita ba a rana ɗaya ake gyara shi ba. Abin da yake bukata shi ne barci a kan lokaci, abinci, motsa gwiwa a wurin masu gashin ƙashi, da tafiya kaɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa. Babban sharaɗi, ya tsaya tun kafin ya gaji, ba sai ya gaji ba. Kwalaben Ɗan'azumi kuma ta ce zuma ya sha abinsa, sauran a ajiye, nonon raƙumin da ba a dafa ba kuwa kada ta sake jin labarinsa.

Na ce, "Yaushe zai warke?"

Ta ce, "Ban sani ba. Da yawa suna samun sauƙi a hankali. Wani watanni, wani ya fi haka."

Na ce, "Yanzu na baro Zariya, na sha sanyin mota, an ƙwace min kilishi, don a ce min ya yi a hankali?"

Ta yi murmushi ta ce, "Shwayya-shwayya, Hajja." Wato sannu sannu. Na fito ina ƙunƙuni, amma a raina na san tunda na fara wannan tafiya ita kaɗai ce ta iya cewa ba ta sani ba.

Sannu sannun nan ita ta kusa kashe ni. Bayan magariba mu fito, mu taka zuwa ƙarshen katangar gidan, mu dawo. Bayan kwanaki mu kai bakin shagon mai burodi. Yana tafe ina biye kamar mai kiwon agwagwa. Yau ya tashi garau, gobe ya tashi kamar an daka shi a turmi, ba dalili. Abin haushi kuma, da na koyi riƙe kaina sai shi ya ɓalle. Ranar da ya ji ƙarfi na leƙo na same shi da bokiti yana wanke motar Malam Isiyaku. Na ce, "Ajiye soson nan kafin in saɓa maka!" Ya ce, "Yaya, ina cin abincin mutum ina kwana a falonsa." Na ce, "Ka biya shi da addu'a." Ni da na zo tayar da mai kwance, na koma kwantar da mai tashi.

Ranar Juma'a kuma 'yan uwa Hausawa su cika falon, direbobi da leburori da ɗaliban jami'a, kowa da nasa. Wannan ya ce a sake ƙaho, wancan ya ce akwai wani mai ruƙiyya a bayan gari. Wani mai ƙamshin turare ya nuna mana bidiyon wani asibiti a ƙasar waje inda wai ake wanke jini tas a mako guda, ya ce shi zai iya haɗa mu da su. Na ce masa, "Ɗana, in suna wanke baki ma, ka fara zuwa." Daga ranar na ɗauki kujera na zauna a bakin ƙofa. A gaisa, a yi addu'a, a tashi. Ɗan'azumi ya sa min suna Jawazat, wai ma'aikatan da ke duba takardun shiga ƙasa. Shi kaɗai nake bari ya daɗe, don na lura in ya zo Nasiru yana dariya, kuma ya daina kawo kwalba, sai gurasa mai zafi.

Da lokacin komawata ya matso na ce wa Nasiru ya shirya mu tafi, haka Inna ta ce. Ya ce, "Yaya, in na koma, wa ya san wannan ciwon a can? Kowa zai zo da ƙullinsa, in na ƙi sha a ce na raina mutane. Nan likitata ta san ni. Kuma in na fita a haka, ba ni ba dawowa." Matsalar ita ce iƙamarsa, wato takardar zama, ta kusa ƙarewa, kuma sai kafilinsa, maigidan da ya ɗauko shi, ya yarda za a sabunta. Wa zai riƙe direban da ba ya tuƙi? Duk lokacin da Nasiru ya tambaya, amsa ɗaya ce, "Bukra, in sha Allah." Gobe. Goben da ba ta wayewa.

Na ce a kai ni gidan kafilin. Na kwana biyu ina tsara maganar da zan yaɓa wa mutumin nan: ku kuka kai shi daji, a bakin aikinku kaska ta cije shi. Muna isa aka wuce da Nasiru da Malam Isiyaku ɓangaren maza, ni da Saratu aka yi da mu ɓangaren mata, ko ƙeyar kafilin ban gani ba. Aka zaunar da mu gaban mahaifiyarsa, wata tsohuwa 'yar firit da ƙafa a miƙe kan matashi. Aka kawo dabino da gahawa a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ɗaci kamar maɗaci. Na daure na shanye don in fara magana, na miƙa kofi, aka sake cikawa. Na shanye, aka sake cikawa. Ina buɗe baki sai in ga kofi a gabana. Zuciyata ta fara bugawa kamar kalangu, gumi ya keto min. Sai can Saratu ta raɗa min, "Malama, girgiza kofin ake yi in an ƙoshi." Na ce, "Shi ne sai yanzu za ki faɗa min?" Ta ce, "Na ga kamar kina so ne." Yarinyar nan tun tana aji uku haka take.

Na girgiza kofi kamar mai kaɗa ƙararrawa, na fara jawabina, Saratu na fassarawa, kuma na tabbata tana zubar da rabi a hanya. Tsohuwa ta ɗaga hannu ta katse ni. Ta ce ita ce ta matsa a tsaya a wurin ciyawar nan ta Bosniya a sha shayi, Nasir ne ya shimfiɗa mata darduma. Ta ce sabon direban yana taka burki kamar yana jin haushinta, tunda Nasir ya kwanta ba ta je gidan 'yar uwarta cikin natsuwa ba. Ta ɗauki waya ta kira ɗanta, yana can ɓangaren maza a cikin gida ɗaya. Ban ji Larabci ba, amma na san muryar uwa in tana ba da umarni. Ta ajiye ta ce za a sabunta iƙama, in ya ji sauƙi ya fara da kai ta asibiti da gidan 'yar uwarta kawai, sauran zirga-zirga wancan mai burkin ya yi. Jawabina na kwana biyu ko rabi ban kai ba. Na tashi zan yi godiya, sai ta jawo wata leda ta miƙo min, ta ce wani ganye ne, a jiƙa masa ya sha safe da yamma. Na dubi Saratu, Saratu ta dubi ƙasa. Na karɓa da hannu biyu.

Saura Inna. Na ce Nasiru ya kira ta da kansa, ta bidiyo. Ya gaya mata komai, bai rage ba, har da ranakun da ba ya iya tashi. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce a ba ni. Ta ce, "Hadiza, na aike ki ɗauko yaro, kin je kin zama lauyarsa." Na ce, "Inna, in na kawo shi, ku da mutanen unguwa za ku ƙarasa shi da ƙauna." Ta ce, "Garin maganin fa, yana sha?" Na ce, "Yana hannun hukuma." Ta yi salati, ta ce a mayar wa ɗanta wayar. Na ji tana ce masa, "To ka riƙa kira ko kana kwance. Ba lafiyarka nake son gani ba, kai nake son gani."

Kafin in taho yana iya zuwa masallacin unguwa ya dawo da ƙafarsa, sunaye sun rage guje masa, ya kuma fara zagaya layi da motar Malam Isiyaku don hannu ya tuna. Bai warke ba, kada wani ya je ya ce na ce ya warke. Yana dai hanya.

Ranar tafiyata ya nace sai ya raka ni filin jirgi. Malam Isiyaku ya tuƙa. Jakata ta fi ta zuwa nauyi, don tsohuwar nan mahaifiyar kafilinsa ta aiko min da dabino kamar zan buɗe shago. Muna sauka Nasiru ya riga kowa cafke jakar, ya ce shi zai ja. Na buɗe baki zan hana, na rufe. Muka shiga, yana ja ina gefe ina satar kallon fuskarsa. Wurin awon kaya yana can nesa, ga layi. Mun yi kamar rabi sai ya tsaya. Bai yi haki ba, bai dafa bango ba. Ya juyo da hannun jakar wajena ya ce, "Yaya, karɓi kayanki. Nan ne iyakata yau."

Na ce, "Kai, ba ka da kunya? Ƙato da kai, ka bar tsohuwa da kaya a tsakiyar mutane?"

Ya ce, "Ba ni da ita." Ya nemi benci ya zauna.

Na ja jakar nan, ƙafarta ɗaya ta maƙale, tana ƙara kamar tsohon amalanke, Larabawa na kaucewa, ina tafe ina masifa. Da na kai layi na waiga. Yana zaune ya miƙe ƙafa, bai sunkuyar da kai ba, bai ba kowa haƙuri ba, yana ɗaga min hannu yana dariya. Tunda nake, ba a taɓa barina da kaya na ji daɗi irin na ranar ba.